Mu Kai Yaranmu Su Ga Daji Tun Yana Nan

Duk shekara, da zarar watan Disamba ya kama, ƙungiyoyin matasa da na Makarantar Lahadi a ikilisiyoyinmu na birnin Kano sukan fara tara gudunmawa domin fita shan iska. Kowa ya san yadda abin yake tafiya. A ɗauko doguwar mota, a cusa yara 60 ko 70, a ɗora tukunyar shinkafa da lasifika, a nufi gidan namun daji na Audu Baƙo, ko kuwa in aljihu ya yi nauyi a miƙa har Tiga. Yara su ga zaki kwance cikin keji yana hamma, su jefa wa biri gyaɗa, a ɗauki hoto, da la'asar a komo gida. Wannan ba laifi ba ne, yaran kuma suna jin daɗinsa.

Amma masu karatu, bari mu tambayi kanmu. A cikin yaran nan, nawa ne za su iya bambanta kaɗanya da kirya? Nawa ne suka taɓa jin kukan fakara da asuba, ko suka ga sawun gada a bakin rafi? Da yawa daga cikinsu iyayensu ko kakanninsu daga ƙauyukan Karaye da Rogo suka fito, inda a dā yaro mai kiwon awaki yakan san kowane itace da sunansa da amfaninsa. Yanzu wannan sani yana tafiya tare da tsofaffi, itatuwan kuma suna tafiya cikin buhunan gawayi. Shi ya sa a wannan makon muka ga ya dace mu yi magana a kan wani irin yawon buɗe ido dabam, wanda mutane kaɗan ke fita su kalli daji da ruwa a inda suke, tare da ɗan gari mai nuna hanya.

Wane irin yawo ne wannan?

A ƙasashe da yawa na duniya akwai masu barin gidajensu, su biya kuɗi, su tafi wuri mai nisa don kawai su ga tsuntsaye da namun daji da itatuwa a mazauninsu na ainihi. Harkar ta bunƙasa har Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe shekarar 2002 a matsayin shekarar irin wannan yawo mai kiyaye muhalli. Abin da ya raba shi da yawon shaƙatawa da muka saba abu biyu ne. Na farko, baƙo zai bar wurin yadda ya same shi, ba farauta, ba sara, ba ƙazanta. Na biyu, wani kaso na kuɗin da baƙon ya kashe zai tsaya a hannun mutanen da ke zaune a wurin.

Wannan sharaɗi na biyu shi ne ƙashin bayan maganar. Manomin da ke gefen daji yana da iyali, yana da kuɗin makaranta da na magani a wuyansa. Idan itace ba ya kawo masa kome sai an sare shi, to zai sare shi, ko da wa'azi nawa aka yi masa. Idan kuwa ya ga mutane suna zuwa daga birni suna biyansa don ya nuna musu itacen nan a tsaye, da tsuntsun da ke sheƙa a kansa, lissafinsa zai fara canzawa.

Abin da ke Karaye da Rogo

Gaskiya ɗaya ce, ƙasar Karaye da Rogo ba ƙungurmin daji ba ce. Ƙasar noma ce, ta dawa da masara da rake da kayan lambu, a yammacin Jihar Kano, inda Rogo ta yi iyaka da jihohin Katsina da Kaduna. Dokar da aka yi a 2024 ta haɗa ƙananan hukumomin biyu a ƙarƙashin Masarautar Karaye. Wanda ya je neman giwa ko ɓauna, Yankari ya kamata ya nufa. Amma wanda ya iya kallo, akwai abin da zai cika masa ido a nan, a tafiyar da ba ta wuce kimanin kilomita 90 daga birnin Kano zuwa Karaye ba, ko ta Gwarzo aka bi, ko ta Kwanar Ɗangora da Kiru.

Babban abin kallo shi ne madatsar ruwa ta Challawa da ke Karaye. Kamfanin Julius Berger ne ya gina ta tsakanin 1990 da 1992. Tsayinta ya kai mita 42, tsawonta kilomita 7.8, kuma idan ta cika takan riƙe ruwa fiye da kubik mita miliyan 900. Hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are ce ke kula da ita. Ruwan ya ci gonaki, an tayar da ƙauyuka saboda shi, kuma tsofaffin wurin ba su manta da wannan ba. Duk da haka, a cikin shekarun da suka biyo baya tafkin ya zama wurin neman abinci ga masunta da masu noman rani da makiyaya, ya kuma zama mazaunin tsuntsaye. Ban da ita akwai ƙaramar madatsa ta Kusalla, ita ma a Karaye.

Wanda ya isa bakin ruwa ta wajen Turawa kafin rana ta fito a watan Disamba ko Janairu, zai tarar da hazo kwance a kan tafki, masunta suna turo kwalekwale suna duba tarun da suka kafa tun jiya, ana zuba karfasa da tarwaɗa cikin kwanduna. Zai ga zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya a cikin ruwa kamar an dasa shi, balbela suna bin shanun Fulani, kirinjijiya suna tashi garke guda suna fito, shirwa tana shawagi tana jiran abin da masunta za su yar. Idan ya juya wajen gonaki, ga cilakowa, ga hasbiya, ga fakara tana ruga cikin karan dawa.

A wannan lokaci na hunturu akwai kuma baƙin tsuntsaye. Idan sanyi ya tsananta a Turai, tsuntsaye masu ɗimbin yawa sukan ƙetare teku da hamadar Sahara su zo ƙasashenmu, su zauna daga wajen Oktoba har zuwa Maris, sa'an nan su koma su yi ƙwai. Wasunsu ba su kai kanari girma ba. Wani lokaci maharbi yakan kama tsuntsu ya ga ɗan zobe mai rubutu a ƙafarsa, ya tsorata. Ba abin tsoro ba ne, masu bincike ne suka sa masa a wata ƙasa don su gane hanyar da yake bi. Shamuwa kuwa tata tafiyar dabam ce. Ita takan zo mana da farkon damina, ta yi sheƙa a kan itatuwan cikin gari, ta ƙyanƙyashe, in ruwa ya ɗauke ta nufi gabashi da kudancin Afirka. Shi ya sa manomi idan ya gan ta yakan fara gyaran garma.

Itatuwan gona su ma makaranta ne. Ga gawo, wanda yake kaɗe ganyensa da damina lokacin da kowane itace yake kore, ya bar hatsi ya sami rana, sa'an nan ya yi ganye da rani ya ba dabbobi inuwa da 'ya'ya. Ga ɗorawa, wadda jajayen tutunta ke reto a ƙarshen hunturu, daga gare ta ake samun garin ɗorawa da kalwar daddawa da makuba ta daɓe. Ga kaɗanya uwar man kaɗe, ga giginya mai muruci, ga kirya da maƙera da masu sassaƙa turmi suka sani saboda taurinta. Yaron da ya sha miyar kuka tun yana goye, ranar da ya tsaya a gindin kuka ya kasa zagaye ta da hannu shi da abokansa biyar, ba zai manta ba. Hausawa sun ce gani ya kori ji.

Akwai kuma abin da za a nuna wa yara ta wurin rashinsa. Gauraka, wanda ake ɗauka shi ne tsuntsun ƙasa na Nijeriya, ya yi wuyar gani a dajin ƙasar nan. Ungulu da a dā take cika mahauta da kasuwanninmu ta ragu ƙwarai, har a 2015 ƙungiyar IUCN mai lura da halittun duniya ta sa ta cikin waɗanda ke bakin ƙarewa, saboda guba da kuma cinikin sassan jikinta don tsibbu. Ku tambayi kowane dattijo a Rogo yaushe rabon da ya ga burtu yana tafiya a saura, za ku ji amsa.

Ruwan nan ba na Karaye kaɗai ba ne

Wanda ya tsaya a kan madatsar Challawa ya kamata a gaya masa inda ruwan ya nufa. Kogin Challawa yakan gangara ya haɗu da Kogin Kano, wanda madatsar Tiga ta tare tun 1974, su zama Kogin Haɗeja. Daga nan ruwan ya bazu cikin fadamun Haɗeja da Nguru, saura ya bi Kogin Yobe zuwa Tafkin Chadi. Waɗannan fadamu suna cikin manyan matattarar tsuntsaye a Afirka ta Yamma. A 1989 Yarima Filib, mijin Sarauniyar Ingila, ya zo Dagona ta Jihar Yobe don ganinsu, kuma a 2000 aka sa tafkin Nguru cikin jerin fadamun da duniya ta amince a kiyaye.

To, amma tun da aka gina Tiga da Challawa, ambaliyar da takan shayar da fadamun nan kowace damina ta ragu, ruwa kuma ya koma gudana kaɗan kaɗan duk shekara. Wannan ya ba ciyawar kacala dama ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonakin shinkafa da wuraren su. Wato abin da ya zama alheri ga masunci a Karaye ya zama damuwa ga ɗan'uwansa a Nguru. Wannan darasi ne da ke da wuyar koyarwa a kan allo, amma yana da sauƙi idan ɗalibi yana tsaye yana kallon ruwan yana fita ta ƙofar madatsa.

Darasi daga maƙwabtanmu

Wani zai ce, wa zai biya kuɗi ya kalli abin da ke bayan gidan wani? Bari mu leƙa Jamhuriyar Nijar. A yankin Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai, akwai garken raƙuman dawa na ƙarshe na irin na Afirka ta Yamma. Ba a cikin shinge suke ba, a cikin gonakin mutane suke yawo. A 1996 an ƙidaya su ba su wuce 49 ba. Gwamnati ta hana farautarsu, samarin ƙauyukan suka kafa ƙungiyar masu nuna hanya, aka sa doka cewa baƙo ba zai shiga ba sai da ɗan rakiya wanda zai biya. Ƙungiyoyin agaji kuma suka taimaka wa ƙauyukan da rijiyoyi da ƙananan rance, domin raƙuman suna cin waken manoma da mangwaronsu, dole a sami abin da zai rage zafin hasarar. Cikin shekaru kamar 20 yawansu ya haura 600. A 2018 har aka ɗebi 8 aka kai gandun dajin Gadabeji da ke jihar Maraɗi, inda aka daɗe da rasa su.

Ga kuma misali a gida, wanda mutanenmu da ke zuwa Jos za su iya gani da idonsu. A gefen ƙauyen Laminga akwai ɗan kurmin Amurum, wanda bai fi hekta 300 ba. A 2001 mutanen ƙauyen suka ƙulla yarjejeniya da Jami'ar Jos da wasu masu kishin muhalli, aka kafa cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis a wurin. An ƙidaya tsuntsaye wajen iri 300 a wannan ɗan wuri, ɗalibai da baƙi suna zuwa daga ƙasashe dabam dabam, 'yan ƙauyen kuma sun sami aikin gadi da rakiya da taimaka wa masu bincike. Ashe ba sai daji ya kai girman Yankari ba kafin ya ja baƙi. Ɗan kurmi ɗaya da aka bari a bakin rafi ya isa mafari.

Ko inda aka riga aka share ma, ba a makara ba. A 1983 wani ma'aikacin mishan na SIM ɗan ƙasar Ostareliya, Tony Rinaudo, yana aiki a Maraɗi, ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sassabewa kowace bazara tohon tsofaffin kututtura ne masu rai a ƙarƙashin ƙasa. Ya shawarci manoma su riƙa barin reshe ɗaya ko biyu mafi ƙarfi, su datse sauran. Manoman Maraɗi suka sa wa dabarar suna sassabin zamani. Bincike ya nuna cewa ta wannan hanya itatuwa kimanin miliyan 200 sun dawo a gonaki masu faɗin hekta miliyan 5 a Nijar. Ƙasar Karaye da Rogo ta fi Maraɗi ruwan sama nesa ba kusa ba, saboda haka abin da ya yiwu a can zai fi sauƙi a nan.

Tsoro ya tafi, me zai tsare itace?

Akwai wata magana da ta shafe mu kai tsaye. A zamanin kakanninmu masu bin addinin gargajiya, akwai tsamiya da kuka da kurmin da ba mai kusantarsu da gatari, domin an ce mazaunin iskoki ne. Tsoron nan shi ya tsare itatuwa da yawa har suka tsufa. Da mutane suka karɓi bangaskiya, wasu Kirista wasu Musulmi, tsoron ya kau, kuma mun gode wa Allah saboda haka. Amma a wurare da dama gatari ya shiga ta ƙofar da tsoro ya fita. Ga yawan jama'a da ke neman gona, ga tsadar kananzir da iskar gas da ta sa birni ya koma kan gawayi. Duk wanda ya bi hanyoyin karkara ya ga buhuna jere a bakin titi suna jiran mota.

Ba za mu komar da mutane ga tsoron iskoki ba. Abin da ya rage shi ne a ba su wani dalili. Mai bi ya san tun daga Littafin Farawa cewa kula da gona shi ne aikin farko da aka danƙa wa mutum. Sai dai dalilin zuciya yana bukatar na aljihu ya tallafe shi, domin da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ziyarar ƙungiya ɗaya ko biyu ba za ta tsayar da cinikin gawayi ba, kada mu ruɗi kanmu. Amma idan ikilisiyoyi goma a Kano da Zariya da Funtuwa suka riƙa aika ƙananan ƙungiyoyi kowane hunturu zuwa ƙauye ɗaya, suna biyan tsohon maharbi da mai kwalekwale da matar da ta dafa abinci, dagacin ƙauyen zai sami hujjar da zai tara jama'arsa ya ce, kurmin nan na bakin rafi a bar shi.

Me ya sa sai mutane kaɗan?

Dalili na farko, daji ba ya son hayaniya. Mutum 60 da lasifika ba za su ga kome ba sai ƙurar kansu, domin kowane tsuntsu ya tashi tun suna nesa. Mutum 8 zuwa 12 suna tafiya a hankali, kowa yana jin abin da mai rakiya ke faɗa, su ne za su ga zomo ya tsallake, su ga damo yana shan hantsi a kan dutse.

Dalili na biyu, ruwa. Ba mu manta da abin da ya faru a madatsar Watari ta Bagwai a ƙarshen Nuwamban 2021 ba, inda jirgin ruwa da aka yi wa lodi fiye da kima ya kife, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara 'yan makarantar Islamiyya. Wannan rashi na Kano ne gaba ɗaya. Shugaban matasa da ke da yara 10 zai iya ƙidaya su da ido, wanda ke da 70 ba zai iya ba.

Dalili na uku, ƙauye yana iya karɓar baƙi 10 cikin mutunci, ya ba su ruwa da tabarma. Baƙi 70 nauyi ne, sukan tattake shuka, su bar leda ko'ina, su tafi a bi su da tsaki. Idan ƙungiyarku babba ce, ku raba ta, wasu su je wannan Asabar, wasu ta gaba.

Yadda za a shirya

Da ɗan gari kan ci gari. Kafin a sa rana, a aika mutum biyu su je tukuna. Akwai ikilisiyoyi a ƙauyukan Karaye da Rogo, Fasto ko mai bishara na wurin shi ne zai fara buɗe muku ƙofa, shi zai kai ku wurin mai unguwa ko dagaci ku yi gaisuwa, ku faɗi abin da ya kawo ku. Idan za a shiga ruwa, a nemi Sarkin Ruwa. Idan daji ne, a nemi shugaban maharba. Idan ana so a hau kan madatsa, a nemi izinin ma'aikatan da ke wurin, kada a ɗauki hoto sai sun yarda.

A daidaita ladan mai rakiya tun kafin a tashi, a sa shi cikin lissafin tafiya kamar kuɗin mota. Kada a mai da shi sadaka ko ɗan abin goro. Sanin da tsohon nan ya tara cikin shekaru 50 yana yawo a daji ilimi ne, a biya shi kamar yadda ake biyan malami. Mai rakiya Musulmi ne ko Kirista, abin dubawa shi ne ya san dajin, kuma mutanen gari sun yarda da shi. A sayi abinci a can, a sayi kifi da mazarƙwaila da zuma da man kaɗe a hannun masu yi. Kada a sayi tsuntsu a keji, ko ƙwai, ko ɗan biri, ko naman daji, domin duk abin da baƙo ya saya, gobe za a kamo wani a ajiye masa.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, an gama girbi, hanyoyi sun bushe, baƙin tsuntsaye kuma suna nan. A isa da sassafe, domin da hantsi ya ɗaga tsuntsaye sukan ɓuya. A sa takalmi rufaffe saboda ƙaya da maciji, da tufa marar ƙyalli. A ɗauki ruwan sha, da littafi da fensir don kowane yaro ya rubuta sunan abin da ya gani da Hausa. Madubin hangen nesa ko ɗaya aka samu aro, ya isa a riƙa karɓa-karɓa.

Kada a bar yara su yi wanka ko wasa a cikin tafki. Ruwan madatsu yakan ɗauki ƙwayar cutar tsargiya, wadda ke shiga ta fata ta sa fitsarin jini. Kada kowa ya shiga kwalekwale ba rigar kariya daga nutsewa, kada a wuce adadin da mai jirgi ya faɗa, kada kuma a shiga ruwa idan iska ta taso ko rana ta yi sanyi. A kiyaye wuta, domin ashana ɗaya da hunturu tana iya cinye dajin gari. A gai da makiyaya, a ba shanunsu hanya. Kada a ɗauki hoton mace ko gidan mutum sai da izini. Idan lokacin salla ya yi, a ba mai rakiya dama ya yi sallarsa. Duk ledar da aka zo da ita, a koma da ita.

Maganar tsaro

Ba za mu rufe wannan bayani ba tare da faɗin abin da ke zuciyar kowane uba ba. Shekarun nan 'yan bindiga da masu satar mutane sun addabi sassan Katsina da Kaduna da ke maƙwabtaka da yammacin Kano, kuma dazuzzuka da dama da ya kamata su zama wurin kallo sun zama maɓoya. Dajin Falgore da ke kan hanyar Kano zuwa Jos, a ƙananan hukumomin Doguwa da Tudun Wada da Sumaila, shi ne babban dajin jihar, mai faɗin kimanin hekta 92,000. (Kada a rikita shi da garin Falgore na ƙasar Rogo.) An mai da shi gandun namun daji a 1969, kuma a 2020 gwamnatin tarayya ta amince a sa shi cikin sababbin gandayen ƙasa guda 10. Amma ɓarayin shanu da 'yan fashi sun daɗe suna ɓata masa suna, har sojoji suka kafa wurin horo a ciki. Ko a Kure da muka yaba, ranar 9 ga Agusta 2020 'yan bindiga sun kashe mutum 8, Faransawa ma'aikatan agaji 6 da direbansu da shugaban masu rakiya na wurin, abin da ya durƙusar da harkar baƙi a yankin.

Saboda haka rigakafi ya fi magani. A yi tafiyar yini ɗaya, a fita da safe, a kama hanyar gida tun rana tana sama. A tsaya kusa da gari da bakin tafki inda jama'a ke harkokinsu, kada a kutsa wurin da 'yan gari da kansu ba sa zuwa. A sanar da 'yan sanda da 'yan banga na yankin. Kada a baza ranar tafiya da wurin a Facebook sai an dawo. A sake kiran mutanen ƙauyen ana jibi tafiya, a kuma kira su daren tafiya. Idan suka ce a dakata, a dakata, ko da an riga an biya mota. Kowane yaro kuma sai da yardar iyayensa.

Wani zai ce, tun da haka ne, me zai hana mu zauna gida? Amsa ita ce, dajin da mutanen kirki suka ƙaurace wa, mugu ne ke gadonsa. Wurin da ake zuwa, ake gaisawa, ake ciniki, hukuma ma takan fi sa masa ido. Hankali ake bukata, da jin shawarar masu wurin.

'Yan'uwa shugabannin matasa, da malaman Makarantar Lahadi, da iyayenmu na Zumuntar Mata, kafin ku kama doguwar mota a bana, ku zauna ku duba wannan shawara. Ku zaɓi yara 10, ku nemi dattijo ɗaya a cikin ikilisiyarku wanda aka haifa a Zarewa ko Gwangwan ko Yammedi, ku ce ya kai ku gida. Tsofaffin da suka san sunan kowane tsuntsu da kowane ganye suna raguwa kowace shekara, kuma babu littafin da ya tattara abin da ke kansu. Idan kun je kun dawo, ku rubuto mana sunayen itatuwa da tsuntsayen da kuka gani, da na waɗanda mai rakiya ya ce a dā akwai su amma yanzu babu. Allah Ya kai ku lafiya, Ya komo da ku lafiya, amin.